LAFIYA UWAR JIKI: Wane Maganin Hawan Jini Ne Ya Fi?

Hausari tana ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Maiduguri, sunanta ma kuwa ya faɗi asalinta, domin da bakin Barebari ma'anarsa ita ce mazaunin Hausawa. Unguwa ce ta 'yan kasuwa da teloli da mahauta da malamai, tana maƙwabtaka da babbar Kasuwar Monday. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin uku na baligan Nijeriya yana ɗauke da hawan jini, ya sani ko bai sani ba. In an bi wannan lissafi, da wuya a sami rumfa ko zaure a Hausari da cutar ba ta leƙa ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da gardamar magani ta zama ruwan dare a majalisun unguwar. Wannan ya ce na Ingila ya fi na Indiya, wancan ya ce 'yar farar ƙwayar nan ita ce ta karɓe shi, wani kuwa ya ce tun da ya kama zoɓo da tafarnuwa ya yi sallama da asibiti. Sau da yawa gardamar ba ta tsayawa a baki. Mutum yakan zaro katin maganinsa daga aljihu ya ɓalla wa abokinsa, ya ce ya gwada ya gani.

Tambayar da ake gardama a kanta tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Likitoci sun shafe fiye da shekara 50 suna gwada magungunan nan ɗaya da ɗaya a jikin dubban mutane, har da mutanen Kano. Abin da ya fito daga gwaje-gwajen shi ne filin wannan mako zai bayyana, domin abin da ke gaba ba ƙarami ba ne. Hawan jini shi ne babban musabbabin shanyewar ɓarin jiki, yana kumbura zuciya, yana kashe ƙoda, yana kuma taɓa ido. Magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye, rumfarsa ta rufe ke nan, iyalinsa kuma sun shiga jinyar da ba a san ranar ƙarewarta ba.

YADDA AKE GANE WANDA YA FI

Da farko ya kamata a san cewa jin daɗin jiki ba shi ne shaida ba. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, ciwon kai da jiri da ake dangantawa da shi kuwa sukan zo ko jini bai hau ba. Alƙali ɗaya ne a wannan shari'a, watau ma'aunin da ake ɗaurawa a damtse. Shi ne yake ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda aka auna shi a ranaku dabam-dabam aka sami 140 bisa 90 ko fiye, to ya cancanci a ɗora shi a kan magani, manufa kuwa ita ce a saukar da shi ƙasa da haka ya zauna a nan.

Hanyar da likitoci ke bi su kwatanta magunguna ita ce a tara masu cutar da yawa, a raba su ƙungiya-ƙungiya ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓa wa maganin da yake so marasa lafiya masu sauƙi. Sa'an nan a ba kowace ƙungiya nata, a bi su watanni ko shekaru ana ƙidaya wanda jininsa ya sauka, da wanda ya shanye, da wanda ya rasu. A shekarar 1967 aka bayyana sakamakon wani gwaji irin wannan da Dokta Edward Freis ya shugabanta a asibitocin tsofaffin sojan Amurka. Maza 143 ne masu hawan jini mai tsanani. Aka ba kimanin rabinsu magani, sauran aka ba su holoƙon ƙwaya wadda babu komai a cikinta. Cikin waɗanda suka sha holoƙo, mutum 27 suka gamu da mummunar masifa, huɗu daga cikinsu suka mutu. Cikin waɗanda suka sha magani kuwa, mutum 2 ne kaɗai. Daga nan aka daina musu a kan ko magani yana da amfani, aka koma tambayar wanne ne ya fi.

GIDAJE HUƊU

Ko da yake sunayen da ke jikin kwalaye a kemis sun fi a ƙirga, yawancinsu daga gidaje huɗu suka fito. Gida na farko shi ne na masu sa fitsari, waɗanda likitoci ke kira tayazaid. Aikinsu shi ne su sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwan da suka yi wa jiki yawa. Tun ƙarshen shekarun 1950 ake amfani da su, kuma suna cikin mafiya araha. Moduretic da dattawa suka daɗe da sani yana ɗauke da ɗan wannan gida, haka ma Natrilix.

Gida na biyu shi ne na masu sassauta jijiyoyin jini. Jijiya tana da nama a bangonta wanda ke tsukewa, su kuwa suna hana shi tsukewa, sai hanya ta buɗe jini ya wuce ba da ƙarfi ba. Babbansu shi ne amlodifin, wanda wasu suka fi sani da sunan Norvasc, sai ɗan'uwansa nifedifin, watau Adalat.

Gida na uku shi ne na masu tare saƙon ƙoda. Ƙoda tana fitar da wani sinadari mai suna renin, wanda ke tayar da wani saƙo a cikin jini da ke umartar jijiyoyi su tsuke, jiki kuma ya riƙe gishiri. 'Yan wannan gida ɗaki biyu ne. Akwai masu hana a ƙera saƙon, irin su lisinofiril da ferindofiril, waɗanda ake sayarwa da sunan Zestril da Coversyl. Akwai kuma masu hana saƙon isa inda aka aike shi, irin su losatan da telmisatan. Na farkon wannan gida, kaftofiril, daga binciken dafin wani maciji na ƙasar Barazil aka gano shi, ya shiga kasuwa a 1981.

Gida na huɗu shi ne na masu rage gudun zuciya, irin su atenolol. Bayan waɗannan akwai tsoho mai ran ƙarfe, watau Aldomet, wanda a shekarun 1970 da 1980 kusan shi ne sunan maganin hawan jini a bakin jama'a. Yanzu an fi ajiye shi don mata masu ciki, domin yana sa kasala da barci, kuma sai an sha shi sau biyu ko uku a yini.

ABIN DA AKA GANI A ƘASASHEN WAJE

Gwaji mafi girma da aka yi na kwatanta waɗannan gidaje shi ne wanda ake kira ALLHAT, wanda aka bayyana sakamakonsa a Amurka a watan Disamba na 2002. Mutum 33,357 ne, duk masu shekara 55 ko fiye, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu baƙar fata ne. Aka kwatanta wani mai sa fitsari mai suna kulotalidon da amlodifin da lisinofiril, aka bi mutanen kusan shekara biyar. A wancan lokaci mai sa fitsarin shi ne tsoho mai araha, sauran biyun kuwa sababbi ne masu tsada, kowa yana zaton za su kayar da shi. Sai ga shi wajen hana mutuwar da ciwon zuciya ke kawowa duk ukun sun yi kunnen doki. Wajen hana kumburin zuciya ma tsohon ne ya yi gaba. An ce araha ba ta ado, amma a nan ta yi.

Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da aka gani a wajen baƙar fata. Waɗanda aka ba lisinofiril jininsu bai sauka kamar na sauran ba, kuma shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a cikinsu da kimanin kashi 40 cikin 100 in an kwatanta da masu shan kulotalidon. Dalilin da masana suka bayar shi ne yawancin baƙar fata masu hawan jini ba su da renin da yawa a jininsu, jikinsu kuwa yana da riƙon gishiri. Maganin da aikinsa tare saƙon ƙoda ne, in saƙon da ma kaɗan ne, ba zai sami aikin yi sosai ba muddin shi kaɗai aka tura.

A 2005 kuma aka bayyana wani gwajin mai suna ASCOT, wanda aka yi a Birtaniya da Ailan da ƙasashen arewacin Turai a kan mutum 19,257. Waɗanda aka fara musu da amlodifin sun sami ragin shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi 23 cikin 100 a kan waɗanda aka fara musu da atenolol. Tun daga nan atenolol da danginsa suka sauka daga sahun gaba, aka bar su ga masu wata larura ta musamman, kamar wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko wanda zuciyarsa ke gudu fiye da kima.

ABIN DA AKA GANI A GIDA

Duk da haka, mutumin Hausari yana da damar ya ce baƙin Amurka ba shi ba ne, abincinsu dabam, yanayinsu dabam. Gaskiyarsa kuwa. An daɗe ana rubuta wa 'yan Afirka magani bisa gwajin da aka yi a jikin wasu, ko da yake tun 1972 Farfesa Oladipo Akinkugbe na Jami'ar Ibadan ya wallafa littafi sukutum a kan hawan jini a jikin mutumin Afirka, a zamanin da wasu ke ganin cutar ta Turawa ce da masu kuɗi.

Amsar da ta fito daga gida ta zo ne a 2019, da gwajin da ake kira CREOLE, wanda Dokta Dike Ojji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ya shugabanta. Cikin waɗanda suka yi aikin har da Farfesa Mahmoud Sani, likitan zuciya na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Aka ɗauki baƙar fata 728 a ƙasashe shida, watau Nijeriya da Kamaru da Kenya da Yuganda da Mozambik da Afirka ta Kudu. Aka raba su uku, kowace ƙungiya aka ba ta magani biyu a haɗe. Ta farko amlodifin da tayazaid, ta biyu amlodifin da ferindofiril, ta uku ferindofiril da tayazaid. Bayan wata biyu aka ninka musu awon, aka ci gaba har wata shida. Ba a kuwa dogara da awon cikin asibiti kaɗai ba, inda fargabar likita kan sa jini ya hau. An ɗaura wa mutanen wani ma'auni da ke auna su dare da rana har awa 24 suna harkokinsu.

Da aka tattara lissafi, sai aka ga ƙungiyoyi biyun da ke da amlodifin sun fi ta ukun sauka da kimanin lamba 3 a awon sama, tsakaninsu su biyun kuwa babu wani bambanci na a zo a gani. Mai karatu zai iya cewa lamba 3 ai ba komai ba ce. To, wani babban nazari da aka wallafa a 2021, wanda ya haɗa gwaje-gwaje masu yawa wuri guda, ya nuna cewa duk lamba 5 da aka rage a awon sama tana rage haɗarin shanyewar jiki da ciwon zuciya da kimanin kashi 10 cikin 100. A jikin mutum guda lamba 3 ƙarama ce, amma a gari mai yawan jama'a kamar Maiduguri, magidanta ne masu yawa da za su ci gaba da tafiya kasuwa da ƙafafunsu. Ya kamata dai a faɗa cewa gwajin CREOLE saukar jini ya auna cikin wata shida, bai daɗe har ya ƙidaya masu shanyewa ba. Amma abin da ya nuna ya zo daidai da abin da manyan gwaje-gwajen waje suka nuna.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Darasi na biyu shi ne yawancin masu hawan jini ƙwaya iri ɗaya ba ta isarsu. Wani nazari na 2009 da ya haɗa gwaje-gwaje 42 ya gano cewa ƙara magani na biyu daga wani gida dabam ya fi ninka awon na farko saukar da jini har kusan sau biyar. Ga kuma sauƙin illa, domin yawancin illolin magani da yawan awo suke tafiya. Saboda haka wanda likita ya ƙara masa ƙwaya ta biyu kada ya ɗauka ciwonsa ya yi tsanani ne ko an gaza. Hanyar ke nan. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa farawa da ɗaya daga gidaje ukun farko, a kuma haɗa biyu, in da hali a cikin ƙwaya guda don sauƙin sha.

Dokta Ojji da abokan aikinsa sun ƙara matsawa gaba. A 2024 suka bayyana wani gwaji mai suna VERONICA da aka yi a kan mutum 300 a asibitocin gwamnati a Nijeriya, inda aka kwatanta ƙwaya guda mai ɗauke da magani uku 'yan kaɗan-kaɗan, watau telmisatan da amlodifin da indafamaid, da tsarin da aka saba na farawa da ɗaya a riƙa ƙarawa. Bayan wata shida, kashi 82 cikin 100 na masu shan ƙwayar mai uku jininsu ya daidaita a awon asibiti, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 72. Ko kashi 72 ɗin ma abin dubawa ne, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce cikin kowane mutum biyar masu hawan jini a duniya, huɗu ba sa samun kulawar da ta isa. Wannan ya nuna cewa magungunan da ke akwai suna aiki ƙwarai in an bi tsari, an kuma riƙa komawa awo.

ABINCIN WANI GUBAR WANI

Kada wanda ya karanta wannan ya zarce kemis ya ce a ba shi amlodifin. Abin da gwaji ke faɗa shi ne abin da ya fi dacewa da yawancin mutane, likita kuwa mutum guda ne a gabansa. Misali mafi kusa shi ne ciwon ƙoda, wanda mutanen Borno da Yobe suka san zafinsa, ga masu zuwa wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri shaida. Wanda ƙodarsa ta fara zubar da sinadarin gina jiki a fitsari, ko mai ciwon sukari da ya taɓa ƙoda, gidan lisinofiril da losatan ne ya fi kare masa ita. Wani gwaji da aka yi a kan baƙin Amurka 1,094 masu hawan jini da ciwon ƙoda, wanda aka kammala a farkon shekarun 2000, ya nuna cewa ɗan wannan gida ya fi amlodifin jinkirta lalacewar ƙodar. Ga shi maganin da ya zo baya a wani fage ya zo gaba a wani. Sai dai ba a haɗa lisinofiril da losatan wa mutum guda, kuma mai shan ɗayansu yana bukatar gwajin jini lokaci-lokaci.

Mace mai ciki, ko mai neman ciki, ba ta shan lisinofiril ko losatan ko danginsu sam, domin suna lalata ƙodar ɗan da ke ciki, suna iya kashe shi. Nata su ne Aldomet da nifedifin da labetalol, a hannun likita ko ungozoma, tare da zuwa awo, domin hawan jinin ciki shi ke kai wa ga jijjiga. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana maigida miƙa wa matarsa maganinsa. Mai asma kuwa atenolol yana iya toshe masa numfashi. Mai ciwon gaɓoɓin nan da ke kama babban yatsan ƙafa, masu sa fitsari suna tayar masa da shi.

Kowane gida kuma yana da tasa illa. Amlodifin yakan kumbura idon sawu, kumburin da ba na ƙoda ba ne, yakan kuma ragu in an haɗa shi da ɗan gida na uku. Lisinofiril yakan kawo busasshen tari mai naci, wanda mutane kan yi ta sayen maganin tari a kansa a banza, alhali musanya shi da losatan ita ce mafita. Wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, yakan kumbura leɓe da harshe, abin da ya fi samun baƙar fata, kuma wanda ya ga haka asibiti zai nufa nan take. Masu sa fitsari suna iya rage wasu gishirin jiki masu amfani, wasu maza kuma sukan yi kukan rauni wajen iyali. Kunya takan sa su jefar da maganin su yi shiru, alhali da sun faɗa da an canza musu.

ZAFIN BORNO DA TUKUNYAR GIDA

Akwai abin da ya shafi Maiduguri musamman. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, mutum yana zubar da gumi tun safe. Mai shan maganin sa fitsari a irin wannan lokaci, musamman dattijo, ko in azumi ya faɗo a bazara, yana iya bushewa har jiri ya kayar da shi. Maganin wannan shi ne a je wurin likita tun kafin watan ya kama, ya tsara lokacin sha ko ya sauya irin ƙwayar. Amlodifin yana da wata falala a nan, domin yana daɗewa a jiki, sau ɗaya a yini ya wadatar, ko da buɗa baki ko da sahur. Zafi kuma yana lalata magani, saboda haka ba a barinsa cikin mota ko a kan taga.

Tukunyar gida kuwa tana iya rushe aikin kowace ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke ɓoye cikin ɗan dunƙulen miya da burodi da yajin tsire. Kanwa da manda ma 'yan'uwan gishiri ne wajen hawar da jini. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan kumburin zuciya a wajen masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Haka nan magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda 'yan dako da masu ɗinki ke haɗiya kullum don gajiya, suna hawar da jini, suna kuma cin ƙoda.

Game da zoɓo, gaskiya ne wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan saukar da jini. Amma babu wanda ya san awon da ke cikin kofin da aka dafa a gida, kuma ba a gwada shi a kan dubban mutane an ga ya hana shanyewar jiki ba, kamar yadda aka yi wa ƙwayoyin. Mai so ya sha abinsa ba sukari, ya gaya wa likitansa, amma kada ya maye gurbin magani da shi. Maganin barci irin su Lexotan da Valium ba maganin hawan jini ba ne, haka ma asfirin. Sa'an nan al'adar nan ta fasa nifedifin mai saurin aiki a ƙarƙashin harshe don a faɗo da jini nan take tana da haɗari, domin faɗuwar jini farat ɗaya ita kanta tana iya shanye mutum.

WANDA AKA SHA KULLUM

Daga ƙarshe, bambancin da ke tsakanin maganin da ya fi da wanda ya bi masa lamba 3 ne ko 5, bambancin da ke tsakanin sha da rashin sha kuwa yakan kai lamba 20 ko fiye. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a warke. In awo ya yi kyau, maganin ne ya sa, ranar da aka bari kuma jinin zai koma inda yake. Mutane da yawa sukan bari ne saboda kuɗi, musamman tun da farashin magunguna ya tashi bayan faɗuwar darajar naira a 2023. A nan ya kamata a sani cewa amlodifin amlodifin ne, ko wane kamfani ya yi shi, muddin yana da rajistar hukumar NAFDAC kuma daga amintaccen kanti aka saye shi. Wanda ba zai iya sayen mai tsada kowane wata ba, ya gaya wa likita ƙarfin aljihunsa, ya fi masa ya sha mai araha kwana 30 da ya sha mai tsada kwana 10. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ran 10 ga Satumba 2024, wadda ta shiga Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa kansa, ta kuma koyar da cewa mai irin wannan ciwo ya riƙa ajiye sunan maganinsa da awonsa a rubuce a jikinsa, don ko kati ya ɓace a san abin da za a ba shi.

Akwai kuma aiki a gaban hukuma. Tun 2020 aka fara wani shiri a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun da kuma yankin Abuja, inda malaman asibiti ke bin tsari guda mai sauƙi: a fara da amlodifin, in bai isa ba a ƙara losatan, in har yanzu da saura a ƙara mai sa fitsari, in ya gagara a tura wa likita. Abin da ya dace shi ne kowane ƙaramin asibiti a Borno ya kasance yana da ma'auni mai kyau da waɗannan magunguna uku ba yankewa, a farashin da tela da mai tura baro za su iya. Malaman Jami'ar Maiduguri kuma su ne suka fi cancanta su gwada yadda magungunan nan ke aiki cikin zafin Borno da kuma lokacin azumi.

Amsar gardamar majalisa dai ita ce, ga yawancin baƙar fata, amlodifin tare da abokin tafiya guda, ko mai sa fitsari ko mai tare saƙon ƙoda, shi ne ya fi saukar da jini. Mai ciki da mai ciwon ƙoda da mai ciwon zuciya kowa da nasa, likita ne kuma zai zaɓa. Wanda bai taɓa aunawa ba ya je a auna shi cikin makon nan, ko da lafiyarsa lau yake ji, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ƙara wa jama'a lafiya.